'Yar Mazari da Ruwan Ɗumi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta!

'Yar Mazari tana tsutsarta a rafi, ƙarƙashin inuwar faru, ga sanyi ga abinci. Sai dai ba ta da haƙuri.

Ta tambayi Ƙaguwa, "Inna, yaushe zan yi fiffike?"

"Ci ki ƙoshi tukuna, ja'ira! Ruwan sanyi jinkiri gare shi, amma ba ya rowa."

'Yar Mazari ta yi tsaki, ta koma bakin gaɓa inda rana ke dafa ruwa, babu abin kaiwa baki. Tun 'yan'uwanta suna kiwo, ɗumin ruwa ya sa fiffike ya fito mata, siriri kamar ɓawon albasa. Ta yunƙura, ya kasa ɗaukarta, ta faɗo ruwa. Tarwaɗa ta haɗiye ta, ta ce, "Wannan ko loma ba ta kai ba."

Ƙurunƙus kan tarwaɗa.