Minti Biyun da Koci Ya Hana

Akwai wani koci da aka ɗauko ya ceto wata ƙungiyar ƙwallo da ke gab da faɗawa ƙaramin rukuni, wasa biyar kacal suka rage. Magoya baya suka sa masa Mai Allo, don ko ruwa zai sha, allon tsara wasa na hammatarsa.

Ilimi kam yana da shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sauraro ne dai Allah bai ba shi ba.

Ranar farko ya sa wa kowa rigar nan mai auna gudu. Da sakamako ya fito, na ƙarshe shi ne kyaftin, ɗan baya mai shekara talatin da shida da kowa ke kira Baba.

"Kai ne kyaftin? Gola ma ya kusa fin ka gudu!" in ji Mai Allo.

Baba ya haɗiye fushinsa. "Ranka ya daɗe, ka ba ni minti biyu, ni da kai. Akwai yadda muke tsayawa a baya."

"Koyarwa aka ɗauko ni, ba koyo ba."

Daga ranar koci ya daina saka Baba a wasa.

To ga abin da koci bai tsaya ya ji ba. Ɗan bayan hagu, wanda ake kira Guntu, kunnensa ɗaya ya mutu tun wani karon kai da ya yi. In fili ya cika da ihu, ba ya jin kira. Yana ɓoyewa don kada a sallame shi. Shekara huɗu Baba na rufa masa asiri: da ya ɗaga hannu, 'yan baya huɗu su tako gaba tare, ɗan gaban abokan hamayya ya faɗa satar gida.

Wanda ya gaji Baba kuwa da baki yake kira. "Ku fito!" Uku su fito, Guntu ya tsaya, tarko ya lalace, ƙwallo ta shiga.

Mai Allo ya yi ta zagin Guntu, amma bai cire shi ba, don na'ura ta ce ya fi kowa gudu. Sau biyu Baba na zuwa ofishin koci, ana ce masa yana kallon bidiyo.

Wasan ƙarshe, canjaras ma ya ishe su. Ko a benci babu sunan Baba, yana cikin 'yan kallo. Saura minti biyu a tashi, babu ci, sai ya hango an zuro ƙwallo. Ya miƙe zumbur ya ɗaga hannu, kamar yadda ya saba.

Wa zai waiwayo ya gan shi? Ƙwallo ta shiga raga, ƙungiya ta faɗi.

A ɗakin canza kaya Guntu na zaune a ƙasa yana kuka. "Ban ji ba. Wallahi ban ji ba."

"Me ba ka ji ba?" Mai Allo ya daka masa tsawa.

Guntu ya nuna kunnensa, ya faɗi komai. Koci ya juya, sai ga Baba a bakin ƙofa, idonsa ya yi ja.

"Minti biyun da na roƙa ke nan, ranka ya daɗe."

Washegari aka sallami koci. Ni dai har yau Guntu nake tausayi.

Darasi: In aka ba ka shugabanci, ka saurari waɗanda ka tarar kafin ka rushe abin da suka gina. Ba kowane aiki ne na'ura ke gani ba. Ku tura wa duk mai jagorantar mutane, ko biyu ne.