Kurege da Kwanonin Maƙwabta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in da zaƙi mu lasa.

Kurege ne, da gidansa a can ƙarshen unguwar namun daji, inda hanya take ƙarewa a gindin wata tsohuwar kanya. Gida ne mai tsabta, amma ciyawa ta cinye turbar da take zuwa ƙofarsa, domin an daɗe ƙafar baƙo ba ta taka ta ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Al'adar unguwar ita ce, duk wanda ya dafa abin marmari sai ya zuba a kwano ya aika wa maƙwabci, shi kuma maƙwabcin ba ya mayar da kwanon wayam, ko ƙuli-ƙuli ne sai ya jefa a ciki. Da haka kwanoni suke yawo, da haka ake gaisawa. To, Kurege ya riƙe rabin al'adar hannu bibbiyu, ya saki ɗaya rabin. A kawo masa dambu, ya cinye, ya kife kwanon a ɗaka. A kawo masa fate, ya shanye, ya kife kwanon a ɗaka. Maƙwabta suka gaji da aike, suka gaji da cigiya, suka yi shiru.

Da fari shirun ya yi masa daɗi. Da tafiya ta yi nisa, sai ya zamana in gari ya waye kwanonin yake gaisarwa. "Ina kwana, kwanon Zomo? Ina gajiya, farantin Barewa?" Ba mai amsawa. In ya yi atishawa, shi yake yi wa kansa addu'a.

Wata rana ya ce wa kwanonin: "Wannan zama ba zai yiwu ba. Zan dafa abin da ƙamshinsa zai jawo su da ƙafarsu."

Sai ya nufi gidan Bushiya, tsohuwar da duk unguwa ta sallama wa wajen yin alewar man shanu. Ya tsaya a bakin danga ya yi sallama.

Bushiya ta amsa daga ciki, ta ce: "In kwanona ka kawo, shigo. In ba shi ba ne, faɗi daga nan, kunnena lafiya lau."

"Haba Gwaggo, ilimi na zo nema. Yaya ake alewar nan taki?"

Bushiya ba mai rowar sani ba ce. Ta ce: "Ka narka man shanu a tukunya, wuta kaɗan-kaɗan. Ka zuba sukari da 'yar madara da ɗan gishiri. Ka yi ta juyawa da muciya, kada ka tsaya, kada ka waiga, har ta yi launin zuma. Ka ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, in ta daskare ta karye ƙas, ta yi. Amma ka ware wani man ka shafe faranti da shi tun kafin ka ɗora tukunya. Kuma ka ji ni da kyau, ɗan nan, aikin hannu huɗu ne. Wani yana juyewa, wani yana bazawa da bayan ludayi, domin ba ta jiran kowa."

Kurege ya yi godiya ya juya. Yana tafe yana nazari. Hannu huɗu, ai baki biyu ke nan. Baki biyu kuwa tun a gindin murhu, me zai rage? Ya waiwaya ya dubi wutsiyarsa, mai faɗi, mai gashi, ya ce: "Ke ce abokiyar aikina, tunda ba ki da baki."

Yadda ya samo man shanu da sukari, masu ba da labari sun saɓa, amma dukkansu sun haɗu a kan cewa ba a gan shi yana ciniki ba. Ya hura wuta, ya ɗora tukunya, ya ware man shafin faranti a gefe kamar yadda aka umurce shi. Yana juyawa yana kallon man. Ya ce bari ya ɗanɗana ya ji ko bai yi tsami ba. Bai yi ba. Ya ce bari ya tabbatar. Ya yi ta tabbatarwa har man ya ƙare.

"Faranti ai ba ya jin yunwa," in ji shi.

Alewa ta yi launin zuma, ƙamshi ya cika gidan. Ya ɗiga a ruwan sanyi, ta karye ƙas. Ya kama tukunya da tsumma, hannu biyu, ya juye a kan babban farantin Barewa, busasshe ƙayau. Alewa ta taru a tsakiya. Ya juya baya ya sa wutsiya yana bazawa, gashi ya tare masa zafi, aiki ya tafi daidai. Da a nan ya janye wutsiyar, da labarin ya ƙare. Amma sai idonsa ya faɗa kan abin da ya maƙale a gindin tukunya. Ya zauna a bakin faranti, wutsiya a cikin alewa, ya shiga kankara yana lasa, yana kankara yana lasa.

Da ya gama ya yunƙura zai tashi, faranti ya ce mu je tare. Ya ja, faranti ya biyo shi. Alewa ta kama wutsiya, ta kama faranti, ta ƙi sakin kowa.

Ya ɗaga murya: "Zomo! Barewa! Gwaggo Bushiya!"

Sun ji shi sarai. Zomo ya dubi matarsa ya ce: "Wani kwanon yake nema." Kowa ya ci gaba da sabgarsa.

Kurege ya zauna, fuskarsa na kallon turba. Inuwar kanya ta ɗan matsa. Iska ta kaɗa ciyawa, ya miƙa wuya, ba kowa. Ga alewa faranti guda a bayansa, bakinsa bai kai gare ta ba, kuma babu wanda zai ce wa ko da "ka ga abin da ya same ni."

Can sai ya ji takun ƙafa. Zuciyarsa ta yi fari, ya gyara zama, ya ce: "Maraba, maraba!" Ashe Kura ce, ƙamshi ya jawo ta daga bakin rafi. Ita ce baƙuwarsa ta fari tun shekarun baya, har ya rasa ko murna zai yi ko kuka.

Kura ta zagaya farantin tana haɗiyar yawu, ta ce: "Ikon Allah! Ga nama, ga kayan zaƙi, an ma jera mini a faranti."

"Ranki ya daɗe, ai dominki aka jera. Sai dai ina jin kunyar a ce babba kamarki ta fara da nama."

"Da me ake farawa?"

"Da alewa mana, tun tana da ɗumi. Ni ina zan je? Ga ni a ɗaure. Amma ita in ta huce ta wuce. Kuma manya ba sa lasa, yara ke lasa. Manya a tsakiya suke kafa haƙori, har turame, su rufe ido, su riƙe, sai zaƙin ya gangara da kansa."

Kura ta ce: "Na sani, gwada ka nake yi." Ta wage baki ta kafa haƙora a tsakiyar alewa, inda take da sauran laushi, ta rufe ido.

"Riƙe dai, ranki ya daɗe. Ya fara gangarowa?"

"Mmm."

"Ƙara riƙewa."

Ta riƙe har alewa ta huce ta zama dutse. Ta nemi buɗe baki, baki ya ƙi. Ta girgiza kai, faranti ya girgiza, Kurege ya girgiza. Tsoro ya kama ta, ta zabura a guje, faranti a baki, Kurege na reto a gefe kamar tutar biki. Suka ratsa tsakiyar unguwa, kowa ya fito ƙofa. Shi kuwa, ko a wannan hali, da ya ga fuskokin da ya daɗe bai gani ba sai ya shiga gaisuwa: "Sannunku da gida! Zomo, ina iyali?"

Faranti ya tare wa Kura gani, ta yi karo da turmin Bushiya, ƙwal! Alewa ta farfashe ta zube a kan tabarmar da tsohuwar ta shanya. Kura ta yi rafi da guntu a haƙora, Kurege ya faɗi gefe da dunƙule a wutsiya.

Ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya ce: "Haka ake fasa ta a birni."

Ɗaya bayan ɗaya suka koma gida. Bushiya kaɗai ta ɗumama ruwa ta jiƙa masa wutsiya, tana tsefewa tana cewa: "Hannu huɗu na ce, ban ce wutsiya ba."

A ranar Kurege ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya kwaso kwanonin nan duka, ya wanke, ya zuba wa kowanne alewa, ya bi gida-gida yana miƙawa. Gaskiya ne kowane guntu ya rasa kusurwa ɗaya a hanya, amma dai ya isa. Ya dawo ya nome turbarsa, ya share, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tabarma. Ya ce a ransa, yanzu kam dole su zo, al'ada ce.

Ya jira har rana ta faɗi. Washegari ya jira. Tabarma ta yi ƙura, ya kakkaɓe, ya sake jira. Da abin ya ishe shi sai ya koma wurin Bushiya.

"Gwaggo, an bar al'ada ne? Na aika, ba wanda ya mayar."

"Su mayar da me, ɗan nan? Kwanon kowa ya koma gidansu. A cikinsu wanne ne naka?"

Sai a lokacin Kurege ya tuna. Tun da aka haife shi bai taɓa mallakar kwano ba.

Tsohuwar ta shiga ɗaka ta fito da wani tsohon kwano mai huji a gindi, ta miƙa masa. "Ungo, na ba ka har abada. Ba ya riƙe miya, amma zai riƙe alewa. Ka cika shi ka aika, ka ga ko ba zai dawo da maƙwabci a bayansa ba."

Ya rungume kwanon ya tafi gida. Ya tono 'yan guntayen da ya ɓoye wa kansa a ƙarƙashin tabarma, ya zuba, suka cika shi daidai. Ya fito ƙofa ya tsaya a kan ƙafa biyu yana shawara. Gidan Zomo zai kai, ko gidan Barewa? Shawara mai nauyi ce, ya jefa guntu ɗaya a baki don tunani ya daidaita. In ya kai wa Zomo, Barewa za ta ji haushi. Ya jefa wani. In ya kai wa Barewa kuma, Zomo ya fi kusa. Ya jefa wani.

Da ya yanke shawara ya dubi kwanon, sai ya hango ƙasa ta cikin hujin.

Shi ya sa har yau, in kuka ga kurege a bakin raminsa, za ku gan shi tsaye a kan ƙafa biyu, hannuwa a ƙirji kamar mai riƙe da kwano, yana duban hanya, dama da hagu.

Ƙurunƙus kan muciya. Darasin da ke ciki, yara, shi ne: duk wanda zai kai wa maƙwabci alewa, ya zaɓi gidan tun yana ƙoshe.