Ƙasusuwan Damaris da na Ɗan Waziri

A can zamanin da, tun kakanninmu ba su zo duniya ba, an yi wani sarki mai bautar gumaka wanda kabari guda ya hana shi sukuni. Kabarin kuwa na Damaris ne, wata tsohuwa maginiyar tukwane, mabiyar Almasihu, wadda ya sa aka fille wa kai domin ta ƙi ƙona turare a gaban gunkin fada. Tun daga ranar jama'a ke tururuwa wurin, suna addu'a, suna ɗibar ƙasar kabarin su shafa wa marasa lafiya, suna kiranta waliyyiya.

Sarki ya kira Waziri Gwabare ya ba shi kwana bakwai: ko ziyarar nan ta tsaya, ko kansa ya bi na tsohuwar.

Waziri mutum ne mai dabara, amma busasshiyar zuciya gare shi. Shekara tara kafin wannan, da ɗansa Jatau ya kashe mutum a kasuwa, shi da bakinsa ya tabbatar da hukuncin kisa, bai ko nemi gawar ba, aka jefa ta a ramin masu laifi da ke bayan gari. To, sai ya faɗi gaban sarki ya yi gaisuwa, ya ce a tone tsohuwar, a kwaso ƙasusuwa daga wancan rami a cakuɗa da nata, gama babu mai durƙusa wa ƙashin da bai sani ba ko na waliyyi ne ko na ɗan fashi.

Haka aka yi. Aka zube tarin a bakin kasuwa, aka kirawo Barnaba, dattijon masu bi.

Waziri ya ce, "To, dattijo, ga waliyyiyarku nan. Tsince ta mu gani."

Barnaba ya dubi tarin, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za mu iya rarrabewa ba, ba kuma za mu gwada ba. Ubangijinmu ma tsakanin ɓarayi biyu aka gicciye shi. A ba mu su duka."

Mata suka kawo ruwa da farin ƙyalle, suka durƙusa suna wanke ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya. Waziri na tsaye sai ya hangi wata munduwar tagulla a jikin ƙashin hannu. Shi ya sa aka ƙera ta, ranar da Jatau ya fara hawan doki. Wata tsohuwa da ba ta taɓa sanin yaron ba tana goge ƙashin a hankali, tana cewa, "Sannu, ɗana, sannu." Waziri na kallo aka naɗe ƙasusuwan duka a ƙyallen, na Damaris da na masu laifi goma sha ɗaya, aka binne su tare a kabarinta.

Da labari ya kai fada, sarki ya gane kisa ba ya haifar masa da komai sai kaburbura, ya hana a sake taɓa mabiya Almasihu. Ya bar wa Waziri kansa, amma ya tuɓe masa rawani, tun da dabararsa ta mai da kabarin mutum ɗaya na mutum goma sha biyu.

Bayan damina Gwabare ya zo cikin masu ziyara, ba takalmi, ba mai take masa baya. Ya tambayi Barnaba, murya ƙasa-ƙasa, ta wane gefe aka sa mai munduwar.

Barnaba ya ce, "Ba mu ware kowa ba, baba. Durƙusa ko'ina, yana nan."