Takwarar 'Yar Barira

Ya kai mai karatu mai daraja, gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, domin lafiyar ce abin da zan yi magana a kai, kuma ba a sanin darajarta sai ta yi ƙaura. Ni ne Malam Sha'aibu, wanda ya riƙe alli shekara talatin da huɗu, sha tara daga ciki yana shugaban makaranta, a zamanin da yaro ba ya wuce aji sai ya iya rubuta wasiƙa babu gyara. Na raba gardama tsakanin malamai, na raba tsakanin iyaye, kuma ban tuna ranar da aka kawo mini magana na ce a dawo gobe ba. Saboda haka idan ka ji na ce wata magana ta gagare ni, kada ka ɗauke ta ƙarama. Ka gyara zama, ka karanta a tsanake, kada ka yi irin na yaran yanzu masu yanke hukunci tun a layi na biyu.

Ƙanena Idrisu yana da 'yar fari mai suna Barira, malama a makarantar unguwarmu. Shekara uku da suka wuce, tana da ashirin da uku, ciwon ciki ya kama ta. Ka san al'adarmu game da 'yar fari. Uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "waccan". Ubanta kuwa ba ya haɗa ido da ita. To, yarinyar da ba ta iya cewa uwarta tana jin yunwa, ta yaya za ta ce mata tana zagayawa sau goma a yini, kuma jini take gani? Sai ta yi shiru wata biyar. Tana ramewa, iyayenta suna gani, hankalinsu a tashe, amma kunya ta ɗaure bakin kowa. Mutum ɗaya ne ya yi magana, wato autanmu Ɗanlami, wanda bai taɓa ganin ciwon da bai san sunansa ba. Ya ce basir ne, ya sayo jiƙo wurin masu talla da lasifika a kasuwa.

Ta farko a cikin matan da nake so ka auna ita ce ƙanwarmu Zulai, goggon Barira. Ta zo gidan ranar wata Asabar, ta tarar da yarinyar tana wanke zannuwanta a ɓoye bayan rumbu, ruwan wankin ya yi ja. Ba ta tambaye ta komai ba. Ta ɗauki zane ɗaya da ruwansa, ta ratsa tsakar gida, ta shiga zaure inda Idrisu yake zaune da baƙi, ta shimfiɗa shi a gabansa. Ta ce, "Yaya, ga kunyarka nan. In ka ga dama ka ajiye, ka haɗa da likkafani." Baƙi suka sunkuyar da kai. Idrisu ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarta, dangi suka ce ta tona asirin gida. Amma kafin la'asar ta ranar Barira tana babban asibitin birni, kuma likita ya ce da an ƙara mako guda, da ba wurinsa za a kai ta ba. Ya ce gyambo ne ya ci babban hanjinta, ba makawa sai an yanke wani sashe.

Aka yi aikin, aka kafa doka cewa ko ruwa kada ya shiga bakinta sai likita ya ba da izini. A rana ta biyu, mai jinya ta fita shanya, sai ga Ɗanlami da gora a ƙarƙashin riga. Ya ce, "Su waɗannan da yunwa za su kashe ki. Sha, 'yata, wannan wanke ciki yake yi." Barira ba ta iya musa wa baffanta, ta sha rabin kofi. Kafin azahar ta kama amai mai tsanani, cikinta ya kumbura, jikinta ya yi zafi kamar garwashi. Likitoci suka ce ɗinkin ya buɗe, dole a koma da ita ɗakin tiyata, amma jininta ya yi ƙasa ƙwarai, kuma irin nata ba kowa ke da shi ba. Babu ko leda ɗaya a asibitin. Mu goma sha ɗaya aka gwada, har da ni da tsufana, babu wanda nasa ya dace. Na ga ƙanena ya juya fuskarsa ga bango. Uwar kuwa tana zaune a baranda, tana jan carbi, ko a lokacin ba ta iya ambaton sunan 'yarta ba.

Ta biyu ita ce Laure mai ɗinki, maƙwabciyarsu. Shekara shida gidajen biyu ba sa ga maciji saboda rigimar kwata, har ta kai ko barka ba sa shiga wa juna. Da labari ya iso unguwa cewa ana neman jini, ta tuna abin da aka taɓa gaya mata a wurin awon ciki game da irin jininta. Mijinta ya tsaya a ƙofa ya ce, "Jinin naki za ki kai wa mutanen da suka kai mu ƙara wurin mai unguwa? In kika faɗi, wa zai riƙe mini yara?" Ta ce, "Malam, ka yi mini izini. Rigimarmu da su ta ruwan kwata ce, ba ta rai ba." Ta yi ta roƙo har ya kauce. Ta iso asibiti da zare a jikin mayafinta, aka gwada, ya dace. Da aka ɗiba, ta sha lemo ɗaya, ta wuce ta gaban uwar Barira, ta koma kan keken ɗinkinta. Sa'a huɗu muka yi a bakin ɗakin tiyata, duk wanda ya fito da farar riga sai mu miƙe tsaye.

Barira ta fito da rai, amma an buɗe mata hanya a gefen ciki, an manna jaka inda bayan gida zai riƙa taruwa har hanjin ya warke. Da ta farfaɗo ta ga jakar, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka ba ta izinin cin abinci, ta ƙi. Kwana shida ba ta ci, ba ta magana, raunin ya ƙi haɗuwa. Likita ya kira ni gefe ya ce, "Baba, mun yi namu. Wadda ba ta son tashi, ba mu da allurarta."

Ta uku ita ce mai jinyar da na ambata, Hansatu, 'yar kawun Barira, wato taubashiyarta, wadda al'ada ta ba ta damar faɗa mata abin da ko ni ban isa in faɗa ba. Ta ajiye karatunta na kwaleji, shekarar ta tafi a banza. Ita ta koyi cire jakar da wanke ta da manna sabuwa, kuma ba a taɓa ganin ta yamutsa fuska ba. Rana ta bakwai, ina zaune a wurin, Hansatu ta yaye mayafin, ta ce, "Ke baiwata, tashi. Mu muna layin banɗaki, ke an ba ki naki na tafi-da-gidanka, kuma kina yi mana yanga?" Barira ta sake jan mayafin. Hansatu ta ce, "To mutu mana. Akwatunanki nawa ne, saurayinki Malam Nafi'u ma da ke ta safa da marwa a waje, ni zan aure shi. Dama na fi ki kyau." Sai muka ji murya daga kan gado, siririya kamar zare: "Da wannan hancin?" Hansatu ta ce, "Au, ashe da bakinki. Buɗe shi." Ta ɗura mata kunu cokali uku. Haka ta yi ta yi kwana hamsin da biyu a asibiti, da wata bakwai a gida, har ranar da aka mayar da hanjin aka cire jakar.

Malam Nafi'u bai gudu ba, an ɗaura aure bara. Ranar Alhamis da ta wuce Barira ta haifi 'ya mace. Mijin ya ce ya bar mata zaɓin suna, ita kuwa ta ce sunan wadda ta ceci ranta za a sa, amma ba za ta iya zaɓa ba, a kai wa Baba Sha'aibu. Nan gida ya rabu uku. Masu goyon bayan Zulai suka ce ba don ta yi magana ba, da babu wadda za a ba jini ko a yi wa jinya. Masu goyon bayan Laure suka ce goggo da taubashiya jininsu suka yi wa, ita kuwa ta ba da nata jinin ga gidan da ba ya gaishe ta. Masu goyon bayan Hansatu suka ce magana minti ɗaya ce, jini rabin sa'a, amma wa ya riƙe jakar wata tara? Wani ya ce a haɗa sunayen, na ce masa jaririya ce, ba rajistar aji ba.

Ɗanlami dai ban sha wahalar shari'arsa ba. Na tara dangi a zaure, na tsayar da shi, na yanke masa tarar jini leda uku, ya kai wa asibitin nan a lokutan da likita ya yarda, a ba duk wanda ya buƙata, sa'annan ya fasa gorar nan a gaban kowa. Ya riga ya kai biyu. Hukunta mai laifi abu ne mai sauƙi. Saka wa masu alheri shi ne ya hana ni sukuni.

Jibi ne suna. Rago yana ɗaure, an raba goro, liman yana jiran abin da zan raɗa masa. To, ya mai karatu, Zulai, ko Laure, ko Hansatu: sunan wace ce a cikinsu ya cancanci a raɗa wa yarinyar nan?