Ƙafar Agali Mai Haƙar Rijiya

An yi wani sarki a wani birni na bakin hamada, wanda ya gina gidan magani da dukiyar baitulmali, ya shar'anta cewa duk wanda aka binne cibiyarsa cikin ganuwa a yi masa magani kyauta, baƙo kuwa ya biya, in ya gaza a karɓe kayan sana'arsa. Ya damƙa gidan ga wani maɗori, Jatau, talaka futuk amma mai albarkar hannu, har ya zama sarki kan kira shi hira, ya zaunar da shi dab da shimfiɗarsa.

Waziri Barau fa abin ya tsaya masa a maƙogwaro. Shekara talatin yana hidimar fada, a ce yau mai ƙarnin man shanu ne abokin hirar sarki? Hassada dai kun san ta, ba ta barci, ba ta kuma barin mai ita ya runtsa.

Ana nan sai wani Buzu Ba'azbine mai suna Agali, wanda ke haƙa rijiyoyin birnin, ya suɓuce cikin rami ya karya ƙafa. Jatau ya ɗora shi, bai karɓi ko wuri ba, bai taɓa masa dagi ko igiya ba. Waziri na jin haka ya garzaya fada, ko rawani bai gama naɗawa ba.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, maɗorinka ya ci amanar baitulmali, ya ɗauki haƙƙin 'yan gari ya ba baƙo. A tuɓe shi, a ƙwace kayan Buzun."

Sarki ya sa aka kira Jatau, ya ce masa, "Dokata ce, ba na tauye ta don wani. Ka kawo hujja, ko ka bar gidan nan yau."

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Zaki, a yi mini izni in tambayi Waziri. Ranka ya daɗe, zurfin nawa ake binne cibiya?"

Waziri ya daka masa tsawa: "Taki ɗaya mana! Wasa ka zo yi?"

Jatau ya ce, "To, shekara bakwai bawan Allahn nan yana shiga ƙasarmu gaba ashirin, kullum, don mu sha. Sassaƙen da muke ba 'yan gari, da ruwansa muke jiƙawa. In an ƙwace dagin, wa zai yashe rijiyar ƙofar gidan Waziri bana?"

Abin da ya fi ci wa Waziri rai, ya tabbata da shi ya riga tuno wannan magana, da ya tsara ta fiye da haka.

Sarki ya ƙara a doka cewa duk wanda guminsa ya zuba don birnin, ɗan gari ne. Ya sa aka fito da alkyabba, ya ce, "Waziri, kai za ka yafa wa Jatau." Waziri ya yafa masa.

Masu hikima sun ce, adalci shi ne a auna mutum da abin da ya ba ƙasa, ba da inda uwarsa ta yi naƙuda ba.