Mai Haƙa Rijiya da Ya Kasa Sauka

Akwai wani mutum mai haƙa rijiya, yana da ma'aikata a ƙarƙashinsa. Ƙauye-ƙauye suke bi, duk inda aka kira su nan za su sauke kaya, su yi ta haƙa har sai ruwa ya ɓulɓulo. Ma'aikatan suna kiransa Baba, gama ya manyanta, kuma a hannunsa dukansu suka koyi sana'ar.

A cikinsu akwai wani mai suna Habila, wanda ba ya tsoron zurfi. Idan rijiya ta yi nisa har mutum ya leƙa bai ga gindinta ba, shi ne yakan ɗaura igiya a ƙugu ya sauka yana waƙa.

Ana nan, wata rana yana can ƙasa da digarsa, sai bangon rijiyar ya rufta. Ƙasa ta binne shi har wuya. Abokan aikinsa suka sha wahala kafin su tono shi, aka fito da shi da karyayyar ƙafa. Aka yi masa ɗori, ya yi jinya, ƙafar ta kama. Ya je majami'a da matarsa Rifkatu suka yi godiya ga Ubangiji, kowa ya ce, "Habila ya warke."

Shi ma haka ya zata. Amma da ya koma bakin aiki, sai ya tarar da abin da bai taɓa sani ba. Muddin ramin bai wuce tsayinsa ba, lafiya lau yake. Da zarar ya yi zurfi, hasken sama ya ƙanƙance, sai gabansa ya shiga faɗuwa, numfashinsa ya sarƙe, ya riƙa ji kamar bangon yana matsowa kansa. Bai faɗa wa kowa ba. Ta yaya ƙato kamarsa zai buɗe baki ya ce yana tsoron rami?

Sai ya fara kawo dalilai. Yau ciwon kai, gobe ciwon ciki. A gida abinci ya daina yi masa daɗi, barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan sai ya daka wa yaransa tsawa, bayan haka ya zauna yana jin haushin kansa. Ya yi addu'a, ya yi azumi, da abin bai tafi ba ya ce a ransa, "Lalle bangaskiyata ce ta kasa." Wannan tunani ya fi masa tsoron ciwo.

Abokan aikinsa kuwa suka fara gunaguni. Wani a cikinsu mai suna Tanimu ya ce a gabansa, "Wasu sun ɗanɗana kwanciya, sun ji daɗinta, yanzu aiki ya zama musu dole." Aka yi dariya. Habila ma ya yi yaƙe, amma maganar ta soke shi.

Kashegari, don ya rufe bakin mutane, ya ɗaura igiya ya ce shi zai sauka. Baba ne ke riƙe da igiyar. Habila ya kai tsakiyar rijiyar, sai jikinsa ya ƙi. Ya kasa yin ƙasa, ya kasa yin sama, ya ƙanƙame igiya, zufa tana keto masa, idonsa a rufe. Daga sama ya ji ana cewa, "Kai Habila, barci kake yi?"

Baba kuwa ya ji igiyar tana rawa a tafin hannunsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce wa sauran, "Ku kama mu jawo shi a hankali." Da aka fito da shi, Baba ya ja shi gefe, ƙarƙashin wata ɗorawa, ya ba shi ruwa ya sha. Habila ya sunkuyar da kai yana jiran a sallame shi, yana tunanin abin da zai faɗa wa Rifkatu da yara.

Sai Baba ya ce, "Ɗana, me kake gani idan ka sauka?"

Ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Baba, kun fito da ni daga ramin nan, amma kullum ji nake ina ciki."

Baba ya ce, "Ashe kai kaɗai kake ɗauke da wannan kaya. Ba zan sallame ka ba. Daga yau aikinka a bakin rijiya yake, kai za ka riƙa riƙe igiya kana duba bango. Ranar kasuwa kuma ni da kai za mu je asibiti, akwai likitan da ya san irin wannan ciwo. Addu'a ma ba za mu fasa ba."

Da sauran suka ji, Tanimu ya ce, "Baba, mutumin da ba shi da rauni ko ɗaya a jikinsa, shi zai zauna a sama mu muna shan zafi a ƙasa?"

Baba ya ce masa, "Ranar da ƙafarsa ta karye, wa ya goya shi zuwa wurin mai ɗori?"

Tanimu ya ce, "Ni ne."

"Ka ce masa ya tashi ya taka?"

Da yamma, da aka tashi aiki, Tanimu ya karɓi digar Habila ya haɗa da tasa ya saɓa a kafaɗa, suka jera zuwa masauki.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Habila ya yi ta zuwa wurin likita, ya kuma buɗe wa matarsa zuciyarsa. Barci ya dawo, yaransa suka daina ɓuya idan sun ji sallamarsa. Da rani ya zagayo ya fara sauka ƙananan rijiyoyi. Masu zurfin kuwa har yanzu bai koma ba, ba kuma wanda ya matsa masa.

Ma'anar wannan misali ita ce, akwai raunin da ido ba ya gani, amma rauni ne na gaske. Mutum yana iya zuwa aiki da wankakkiyar riga, ya gaishe ku da fara'a, alhali damuwa ko tsoro ko baƙin ciki sun binne shi har wuya. Wannan ba lalaci ba ne, ba kuwa alamar cewa bangaskiyarsa ta mutu ba. Ubangijin da ya halicci ƙashi shi ne ya halicci zuciya da tunani, yana kuma warkar da su ta wurin addu'a, ta hannun likita, da ta bakin ɗan'uwa mai tausayi.

Idan kai ne Habila, kada ka ɓoye. Ka nemi mutum ɗaya da ka amince da shi ka faɗa masa. Idan kuwa Allah ya sa wasu a ƙarƙashinka, ko a ofis, ko a shago, ko a gona, ka sani ba aikin hannunsu kaɗai aka ba ka amana ba, har da su kansu. Yawancinmu dai Tanimu ne, bakinmu yana riga tausayinmu.

'Yan'uwa, gobe Litinin kowa zai koma wurin aikinsa. Akwai wani a can wanda ya canza a 'yan kwanakin nan, kun lura, har kun yi maganarsa a bayan idonsa. Ku je wurinsa. Ku tambaye shi abin da ke damunsa, sa'an nan ku zauna ku jira amsar.