Ludayin Kaka Fure

Jama'ar wannan shafi, ku matso kusa. Tun da na ji labarin nan na kasa zama wuri ɗaya, sai na kawo muku shi!

Akwai wani saurayi a Kontagora mai suna Shamsuddeen. Yana da shagon kwamfuta, yana buga katin biki da takardun makaranta. Ya iya aikinsa, wannan ba a ƙwace masa ba, amma fa akwai ji da kai. In ya sa farar shaddarsa ya hau babur, ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

Sai ya ga Salihatu, 'yar Malam Maikuɗi mai sayar da hatsi a kasuwa, ya ji in ba ita ba sai rijiya. Ita ma tana sonsa. Abu ɗaya ya rage: Malam Maikuɗi ba ya ba da 'ya sai ya san asalin mai nema. Da yake mahaifin Shamsuddeen ya rasu, sai Malam ya aika masa ya zo da kansa ya faɗi inda ya fito.

Gogan naku ya zauna gaban kwamfuta ya zana bishiyar zuri'a mai launi-launi. Ya sa sunansa, ya sa na mahaifinsa, ya sa na kakansa Jabir wanda ya fara zama a birni. Daga nan ya ja layi ya rufe.

Ba wai bai san akwai saura ba. Ya san uwar Jabir 'yar Kambari ce daga wani ƙauye a bayan Ibeto, sunanta Fure, ba Musulma ba ce, kuma jikokinta na can manoma ne Kiristoci. Kunyar su yake ji. Har akwai ranar da Baba Irmiya, ɗan yayan kakansa Jabir, ya kawo masa dawa shago kamar yadda ya saba kawo wa mahaifin Shamsuddeen duk kaka. Abokai suka tambaya wane ne, sai Shamsuddeen ya ce mai kawo musu hatsi ne. Tsoho ya ji da kunnensa. Ya ajiye buhun ya tafi, bai sake zuwa ba.

To, aka je gaban Malam Maikuɗi. Ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, ya yaba launin. Sannan ya ce, "Shi Jabir ɗin daga sama ya faɗo? Wa ta haife shi?"

Shamsuddeen ya fara kame-kame. Malam ya miƙa masa takardarsa, ya ce ya ba shi zuwa Juma'a ta sama. In bai zo da amsa ba, a bar maganar auren.

Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya zaga dangi na cikin gari yana tambaya, kowa ya ce sunan kawai ya sani. Goggonsa ce ta faɗa masa gaskiya: duk duniya ba wanda ya san tarihin Fure sai Irmiya, don a ɗakinta ya girma. Kun ji fa! Mutumin da ya wulaƙanta, a hannunsa aurensa yake.

Ya shiga mota zuwa Ibeto, daga can ya hau ɗan acaɓa. Farkon damina ne, an kwana ana ruwa. Kafin su isa, farar shadda ta sha taɓo har gwiwa.

Ya tarar da mutane a ƙofar gidan Baba Irmiya. Kowane magidanci ya zo da ƙwaryar irin dawa, tsohon yana ɗibar ludayi ɗaya daga kowace ƙwarya yana zubawa a kwando. Ludayin ya yi baƙi don tsufa, ya sha ɗinki wuri uku.

Baba Irmiya ya ɗaga kai ya gan shi, ya yi murmushi ya ce, "Mai kawo muku hatsi yana maka sannu da zuwa."

Wayyo kunya! Shamsuddeen ya durƙusa a gaban kowa ya nemi gafara. Tsohon ya ce ya wuce, ɗa ba ya laifin da uba zai kasa yafewa. Ya sa aka kawo masa ruwa, ya zaunar da shi kusa da kwandon, ya tambaye shi ko ya san na wane ne ludayin nan. Daga nan ya ɓare masa labari.

Wata shekara, tun Jabir yana goye, fara ta sauka ta cinye gonaki tas. Mijin Fure ya rasu a cikin wannan yunwa, ya bar ta da yara biyu. Mutane suka cinye abin da ke rumbu, suka koma kan irin shuka suka cinye shi ma. Ita kuwa Fure ta cakuɗa nata irin jar dawa da toka don kada ƙwari su ci, ta zuba a tukunya, ta liƙe bakin da laka, ta binne a ƙarƙashin gadonta.

Dangin miji suka matsa mata ta fito da shi a daka. Ta ƙi. Suka kira ta marar tausayi, wai tana kallon 'ya'yanta suna kuka tana kwana a kan abinci. Mata suka daina gaisawa da ita a rafi. Ta daure. Kullum tana shiga daji da goyo, ta samo tafasa da garin ɗorawa da saiwoyi, da su ta riƙe yaran har wata biyar.

Da ruwan farko ya sauka, kowa ya ɗauki fartanya, sannan aka tuna ba abin da za a shuka. A ranar ce Fure ta tono tukunyarta ta fasa a tsakar gida. Ta ba kowane gida ludayi ɗaya, har gidajen da suka zage ta. Sharaɗinta ɗaya: duk wanda ya girbe, ya cire ludayi ya ba wanda ba shi da iri. Haka dawar ta bi ƙauye ƙauye har Kaboji, kuma har gobe ba a fara shuka a garin sai an tara ludayin Fure.

Shamsuddeen ya gyara zama. Ya fito da waya yana naɗar muryar tsohon, ya ɗauki hoton ludayin da ɓallin tukunyar. Ya je ya tsaya a kan kabarinta, hawaye suka zubo masa. Kwana uku ya yi yana bin tsofaffi gida gida, kowa da abin da zai ƙara masa, har da yadda take waƙa in tana sussuka. Murna kamar ya taka rawa.

Ranar Juma'a ya isa rumfar Malam Maikuɗi. Bai zo da takarda mai launi ba, zangarniyar jar dawa ya ajiye a gabansa. Ya faɗi komai, bai rage ko ɗaya ba: ƙauyen, addininta, danginsa Kiristoci, har abin da ya yi wa Baba Irmiya. Ya ƙare da cewa shi tattaɓa-kunnen Fure ne, in wannan zai hana shi aure, ya haƙura.

Malam Maikuɗi ya yi dariya, ya kwance bakin wani buhu ya damƙo jar dawa. Ya ce shekara talatin yana sayen wannan iri a hannun Irmiya, kuma kakansa na Kaboji yana cikin waɗanda ludayin ya isa gare su.

"Na san asalinka tun kafin ka shigo rumfar nan," in ji shi. "So nake in ga ko za ka iya faɗinsa da bakinka. Wanda ya ɓoye kakarsa yau, gobe zai iya ɓoye 'yata. Ka turo manyanka, Irmiya ya shigo gaba."

Haka kuwa aka yi. Ranar da aka kai gaisuwa, Baba Irmiya ne a gaban ayari, da sabuwar hular da Shamsuddeen ya saya masa. Bishiyar zuri'ar kuma an sake buga ta, tana rataye a shago, sunan Fure a gindinta. Duk wanda ya tambaya wace ce, sai ya bar aikinsa ya ja masa kujera.

Darasi: Kada ka ji kunyar tushen da ya ɗauke ka, domin da haƙurin waɗanda kake rainawa aka raine ka. Ka je ka tambayi tsofaffin gidanku tun suna raye. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, kuma wanda ya san sunan kakar mahaifinsa ya rubuto mana shi a ƙasa.